Shekarar da Na Hana Gaisuwa

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk birnin Zariya babu wanda ya kai ni wayewa, mu huɗu muka kama shago a Kwarbai muna rubuta manhajar kwamfuta. Babban aikinmu na farko na wata makaranta ne a wajen Ƙofar Doka, manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Ni ne shugaba, don na fi kowa surutu.

Na karanto wani tsarin aiki da ake kira ajayil, na riƙe shi hannu bibbiyu. Ana yanka aiki zango-zango, mako biyu-biyu. Na raba bango gida uku, za a yi, ana yi, an gama, kowa yana matsar da 'yar takardar aikinsa. Kullum da safe a yi taron tsaye na minti goma sha biyar, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Da na ga gaisuwa na cinye rabin lokacin, ina kwana, ya gida, ya mai jiki, sai na kafa doka: sallama kawai, a shiga aiki. Har agogon waya nake kunnawa, ni a dole ga bature.

Abokina, wanda muka taso tare tun firamare, shi ke riƙe da ɓangaren haɗa maki. In layi ya zo kansa sai ya ce, "Alhamdulillahi, ana ta fama, ba matsala." Ni kuma in ce, "Madalla, na gaba." Na lura ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa, hancinsa har yana neman taɓa gilashin. Na tsokane shi da cewa tsufa ya yi masa sammako. Ya yi dariya, na yi. Tsarin ya ce a gwada komai ƙarshen kowane zango, amma nasa ban taɓa dubawa ba. Takardunsa duk sun koma gidan an gama, kuma wa zai binciki amininsa?

Ranar da muka nuna wa shugaban makarantar, makin ya fito a hargitse, mai na ɗaya ya koma na kusa da ƙarshe. Shugaban makarantar ya ce, "Malam, ku je, za mu neme ku." Ba su neme mu ba. Muna komawa shago na rufe abokina da faɗa a gaban sauran. "Wata uku kana cewa ba matsala! Bakinka aka ɗinke?" Ya ce in yi haƙuri, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Na je gida ina huci, na zayyana wa mahaifiyata. Ta bari na gama tukuna.

"Au, wai kai ba ka sani ba? Uwarsa ta faɗa min a gidan suna, idonsa ne ke tafiya, hawan jinin ido. An ce masa ya koma asibiti, ya ce sai kun gama aiki. Wa ka taɓa gani ya faɗi damuwarsa a tsaye, gaban mutane, ana duba masa agogo? Ai sai an zauna an gaisa, an sake gaisawa, ka taka masa zai tafi, sannan ya ce, af, dama akwai wata magana. Ka taɓa raka shi ko bakin layi?"

Ban taɓa ba. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa ɗan sauran. Shagon ma bai kai ƙarshen shekara ba.

Ba na ɗora wa tsarin laifi. An yi taron ne don matsala ta fito da wuri, ni kuwa na toshe hanya ɗaya tilo da take bi ta fito a wajenmu. Yanzu ina aiki da wasu, muna taron tsaye, amma bayansa ina bin kowa in zauna mu gaisa. Wannan bai rage min komai ba. Baƙin cikin yana nan yadda yake.

Duk Juma'a nakan je gidansu a Ƙofar Kuyambana. Da muryata yake gane ni. Sai in jero gaisuwa, in ja ta, in sake sabuwa, in tambayi jiki, in tambayi idon. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton nake, ya yi murmushi, ya ce, "Alhamdulillahi, ba matsala."