Hannun Mai Dakan Tafarnuwa

Tun yana saurayi ake ce masa Kan-Hanya, don bai san zama ba. Ya yi dako, ya yi facin taya, ya yi gadi ya gudu saboda zaman kujera. Ko abinci a tsaye yake ci. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta koma miƙa masa kwano a bakin ƙofa.

Sai da furfura ta fito ya samu aikin da ya karɓe shi, a wata gonar gwajin tumaki. Likitar gonar na son ta gano ko tafarnuwa na ƙara wa tumaki garkuwar jiki. Wasu a zuba musu a dusa, wasu a hana su, ita kuma tana ɗibar jini tana dubawa. Shi ke ɓarewa, shi ke dakawa. Warin ya kama shi har ƙarƙashin farce, in ya shiga motar haya kowa taga yake nema.

Ran nan da hantsi wata tunkiya, cikin waɗanda ba a ba tafarnuwa, ta yi haihuwar fari. Mai hankali ja da baya zai yi, ya bar uwa ta lashe ɗanta. Ina! Kan-Hanya ya yar da taɓarya, ya tsallake shinge, ya sure ɗan, ya goge shi tas da hannu da gefen riga. Tunkiya ta matso ta shinshina, ta yi atishawa, ta kai wa ɗanta karo.

"Baba, me ka yi?" in ji likita da ta iso. "Da ƙamshi take gane nata. Garkuwar jikinsa kaf tana cikin nonon farko. In bai sha yau ba, da wuya ya kai."

Kan-Hanya ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya zagaya garken, ya dawo, ya sake zagayawa. Ya wanke hannu da sabulu, da toka, da lemon tsami, wari na nan daram. Ɗan kuwa kukansa sai ƙara sirancewa yake.

Likita ta shafe ɗan da ruwan haihuwa, ta ce, "Saura a riƙe uwar. Zauna ka rungumi wuyanta. Ka motsa, ta firgita, mun koma baya."

"Ni, Likita? Ba wani?"

"Kai ka ɓata, Baba."

Ya zauna a ƙasa. Ƙafa ta yi masa tsami, bayansa ya hau ƙaiƙayi, ƙuda ya mai da hancinsa masauki. Duk gaɓoɓinsa cewa suke ya tashi. Ya cije. Ɗan ya rarrafo ya laluba ya faɗi, ya sake lalubawa.

A haka matarsa ta same shi da ta kawo abincin rana. Ta yi turus.

"Malam! Ba ka da lafiya ne?"

Da ido kawai ya nuna mata. Ɗan ya kama nono, 'yar wutsiyarsa sai kaɗawa take, uwar ta juyo tana lasarsa. Daɗi ya cika Kan-Hanya har hawaye ya zubo, ba hannun gogewa.

Matar ta dubi kwanon, ta dubi mijin. Ta ajiye shi a ƙasa, ta gyara zani, ta zauna kusa da shi.