Luguden Nasiru da Sagir ya kulle

Shekara bakwai ke nan da rasuwar autana Nasiru, kuma ban yafe wa Sagir ba. Na faɗa a gidana da ke Tudun Wada, yau ina faɗa a jarida, tunda Allah ya sa na iya rubutu da hannuna. Sagir abokin aikinsa ne, shagonsu ɗaya, a kwano ɗaya suke ci a ɗakina. Shi ne ya sa wa aikin ɗana kwaɗo tun ba a yi arba'in ba.

Bari in bayyana aikin, don ni ma na sha wuya kafin na gane. Lokacin ban shiga makarantar manya ba. Kullum Nasiru sai ya ce yana gyaran direba, ni kuwa na ɗauka mutum ne. Har na ce masa, "Wai direban nan naka ba ya jin magana ne? Ka sallame shi mana." Ya yi dariya har ya ƙware. Ashe direba rubutu ne a can cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wurin da suke ce wa kanel, shi ke koya mata magana da wata na'ura.

Na'urar tasu ɗan akwati ne da makanike ke jona wa mota ya ji ciwonta. Sassan motocin yanzu hira suke da juna ta wayoyi biyu murɗaɗɗu, hanyar da ake kira CAN. Da Nasiru ya ga kallonsa kawai nake, sai ya nuna turmi. "Inna, in ku uku kuna lugude, wata ta sauke taɓarya kafin lokacinta fa?" Na ce sai a fasa wa wata haɓa. Ya ce to haka saƙon yake, kowane ɗigo da lokacinsa. Sai an saita saurin bugun, da gaɓar da za a saurara, da ɗan sassaucin da za a yi wa wanda ya makara. Bugun tarakta daban, na ƙaramar mota daban. Direban da suka tarar, a kan gudu ɗaya aka ɗaure shi. Nasiru ya kwance, ya bar wa mai akwati ya saita da kansa. Makanikai suka sa wa saitin suna lugude, har yau haka suke ce masa daga Gyallesu zuwa Tudun Jukun.

Ciwon ciki ne ya ɗauke shi. An ce mini Sagir ya fi kowa kuka a maƙabarta. Daga baya ya karɓi akwatunan mutane wai zai sabunta su, sai ya mayar da ƙullin, ya goge sunan Nasiru da ke fitowa in an kunna. Tun daga nan, duk wanda akwatinsa ya ƙi jin wata mota sai ya je ya lallaɓi Sagir.

Nakan tambayi kaina me Nasiru zai ce da zai ga Malam Bulus, dattijon da ya koya masa riƙe sifana, zaune a bencin Sagir yana jiran a saita masa abin da a da yake yi da yatsa biyu. Na san amsar. Cewa zai yi, "Inna, ki bar shi da Allah." Halinsa ke nan. Na bar shi da Allah ɗin, amma ni ma ina nan da raina.

Ranar addu'ar bana Sagir ya zo cikin babbar riga, ya durƙusa a ƙofar ɗakina. "Inna, ya ƙarin haƙuri?" Na ce, "Haƙurin ka zo dubawa, ko ka zo ka ga ko har yanzu ban iya karatu ba?" Ya sunkuyar da kai, ya ce wai don kada makanikai su yi ɓarna ya kulle, don in saiti ya kuskure akwatin yakan rikita hirar motar. Na ce Nasiru ma ya san da haka. Koya musu ya yi, bai ɗaure musu hannu ba.

Bayan ya tafi, Rukayya ta matso kusa da ni. Ita ce matar marigayin, tare suka yi karatun kwamfuta, yanzu tana aure a Dutsen Abba. Ta ce tun yana raye Nasiru ya saki direban a intanet da sunansa, kowa na da izinin ɗauka, kuma ta iya mayar da shi cikin kowane akwati. Kunya ce ta hana ta, kada a ce tana faɗa da aminin marigayin. Na ce ta nemo izinin maigidanta kawai, ta bar mini kunyar, ni tawa ta ƙare.

Ɗana bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne mai kayan aiki ya juya kayansa ba tare da ya roƙi kowa ba, wannan kuwa ba a binne shi tare da shi ba. Ba na roƙon Sagir ya yi ciwo. So nake ya rayu lafiya lau, ya zauna a shagonsa yana kallon bencinsa babu kowa.

Washegari da safe na sa aka kai teburina gindin darbejiyar da ke fuskantar shagonsa. Rukayya ta buɗe kwamfutarta. Na aika wa Malam Bulus ya zo da akwatinsa, ya kuma shaida wa 'yan layinsu za a mayar musu da lugude kyauta. Sannan na jawo kujerata, na juya ta saitin ƙofar Sagir, na zauna.