Gwangwanayen da Na Yi wa Wayo

A shekarun juyin juya hali, lokacin da kowa a Kwatano ya zama kamarad har da mai tallan ƙosai, ina da tebur a Zongo, bakin kwatar da ke gangarawa masallaci. Sabulu nake sayarwa da maganin sauro na gwangwani, wanda mijin yayata direba ke shigo mini da shi daga Legas a ƙarƙashin buhunan albasa.

Mutanenmu ba sa sayen abu sai sun ɗanɗana. Mai garin rogo tana ba da ɗanɗano, mai goro ma haka, to ni ma sai an fesa. Mace za ta tsaya ta ce, "Fesa mu ji." Na fesa, ta shinshina, ta ce za ta dawo. Maganina yana ƙarewa a hancin mutane.

Wata rana na danna gwangwani a kife bisa kuskure. Ya yi ƙara kamar kullum, har da ɗan ƙamshi, amma ruwa bai fito ba. Na ce Allah ya kawo mini ilimi ba makaranta. Iska ce kawai ke fita, iska kuwa wa ya taɓa sayenta? Daga ranar na zama mai kyauta. Wuni nake ina fesawa, ko ba a roƙa ba, ina juya gwangwanayen bi da bi. Ka girgiza ka ji ruwa cike.

Sai shugabar kwamitin mata ta unguwa, wata Hajiya mai ƙaton gilashi, ta sayi katan guda don ofishinsu. Ita ke cewa wace za ta kasa tebur a ina. Kwana uku ta dawo, katan a kan wata mata da ke bin ta.

"Kamarad, me na yi miki?"

"Lafiya, Hajiya?"

"Lafiya sauro ke ciki. Danna ki gani."

Na danna. Shiru. Na girgiza, ruwa na motsi. Na ce ƙila bakin ne ya toshe. Ta ce bakina ne zai toshe, don wannan zagon ƙasa ne ga lafiyar talakawa, kuma in kwashe teburina kafin Juma'a. Da teburin nan nake ciyar da 'ya'ya biyar.

Wani dattijo mai gyaran firji a maƙwabta ya fito ya karɓi ɗaya. Ya danna, ya saurara, sannan ya huda da ƙusa, ya yanka. A ciki ga wani siririn bututu daga baki har gindi.

"'Yata, a kife kike dannawa?"

Na ce e, a kife.

"Iskar nan ita ce ke tura ruwan ya hau bututu. Kin kifa, bakin bututu ya koma cikin iska, ita kaɗai ta fita. Magani kin adana, mai ɗauko shi kika kora."

Hajiya ta ce, "Ka ji, har iska ba ta bari ba."

Ashe an rubuta gargaɗin kada a kifa a jikin gwangwanin, har da Faransanci. Sai bayan shekaru, da na shiga ajin manya, na karanta shi, na zagi kaina da kyau.

Ban roƙi Hajiya ba, ban iya roƙo ba. Na ce maganin dai na nan, ba a taɓa shi ba. Dattijon ya huda sauran muka tsiyaye a kwalabe, na ari tsohon famfon filit na fesa maganin sauro. Ranar Asabar ta aikin gayya na bi ofishinsu da bakin kwatoci ina fesawa har kafaɗata ta sage, Hajiya na gaba tana nuna mini lungu da yatsa.

A taron yamma ta miƙe ta ce ga 'yar kasuwar da ta sadaukar da hajarta saboda juyin juya hali, sauran su yi koyi. Aka tafa mini. Tebur ya tsaya inda yake, sai dai ta ƙara cewa tunda na ƙware, kowace Asabar ni zan riƙa yi.