Ranar da Mutanen Japan Suka Yi Mini Kiɗan Gayya

Sau biyu na kai lafiyayyen rediyo wurin mai gyara. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

A kasuwar Gazawa na ba mai tura waƙoƙi katina, na ce ya zuba mini kiɗan noma. Ya zuba, ya kuma haɗa da wani abin da ban roƙa ba. Da na kunna a gida sai na ji ruri, ba hawa ba sauka, kamar injin niƙa ya shaƙe da jiƙaƙƙen gero. Na bubbuga rediyon, na cire batir na lasa, na mayar. A zuwana na biyu mai gyara ya ce, "Baba, rediyonka ƙalau yake. Kiɗa ne."

Malamin lakol, wato makarantar bokon garinmu, ya sa katin a wayarsa, ya ce mutanen Japan ne, masu ƙera babura, suke kaɗa gita ta lantarki. Waƙa ɗaya ce tak, kuma ta fi awa guda. Ni da aji biyu kawai na yi aka sallame ni, na gyaɗa kai kamar dama na sani.

Mai ɗakina ta ce in zan saurari kudan zuma, in je gindin amya. Sai na riƙa jin abina a ɓoye. Sannu a hankali na gano can ƙarƙashin rurin akwai wata ganga mai taku ɗaya, ba ta sauri, ba ta gajiya.

Daminar nan ruwa ya zo a jere, ciyawa ta haɗiye geron gonata ta hanyar Agiye, bayana kuma ya ƙi. Na kira gayya. Ni Bakatsine ne, sai na aika wa abokin wasana, wani Bagobiri mai gangar noma a Gidan Rumji, ya ce yana tafe. Hantsi ya yi, ba shi ba labarinsa. Samari suka zauna gindin gawo, hauyoyi a ƙasa, wasu har sun fara zancen komawa kabu-kabu. In suka watse, ba zan sake tara su ba, kuma geron ba zai jira ni mako guda ba.

A garinmu, in ganga ta tashi a gayya ba namijin da ke ajiye hauya sai makaɗi ya sauke. Wanda ya fara tsayawa, matan da ke kawo fura za su yi shekara suna masa waƙa. Da wannan na kama su. Na ɗingisa na aro lasifikar maƙwabcina mai tallan magani, na ɗaure ta a amalanke, na kara mata rediyo.

Na ce, "Makaɗi ya makara, amma ga kiɗa. Waƙa ɗaya za ku yi mini. In ta ƙare, kowa ya kama gabansa."

Babbansu ya ce, "Waƙar rediyo ɗaya, Baba? Ko gumi ba za mu yi ba."

Suka jera, 'yan unguwar gabas nan, 'yan yamma can. Na kunna.

"Kai! Baba, janareto ka kawo mana?"

"Tsoho, yaushe za a fara waƙar?"

Na ce, "Ai gaisuwa suke tukuna."

Suna dariya suna noma. Kunya biyar, kunya goma. Dariya ta ƙare. Wani ya waiwayo ya ce, "Don Allah Baba, mutanen nan ba su da sallah ne?" Na gabas suna satar kallon na yamma, na yamma suna satar kallon mata, ba mai son ya zama na fari. Can sai na ga hauyoyin sun kama takun gangar nan ta ƙasa, suna faɗuwa tare kamar hannu ɗaya. Ƙura da ruri kawai. Wata tsohuwa cikin masu fura ta ajiye ƙwaryarta tana lilo da kai, ta ce rabonta da jin tsikar jikinta ta tashi haka tun goge na ƙuruciyarta.

Da kiɗan ya yanke, sun wuce rabin gona. Suka zube, suka sha fura, suka zage ni zagi mai daɗi. Sai babban nasu ya share baki ya ce, "Baba, sake tayar da injin nan. Ba za a ce Japan ta kayar da mu ba."

Kafin la'asar ba sauran ciyawa ko ɗaya. Na bi gonar kunya-kunya, na manta da ciwon baya.

Sai lokacin Bagobirin ya iso, wai motarsu ce ta kafe a hanya. Na ce, "Sannu da zuwa cin tuwo." Ya tsaya da ganga a rataye, ya saurari wutsiyar kiɗan, ya dubi samarin da ke kwance suna haki. Ya ce, "Bakatsine, ni in na ga hannun yaro na rawa, sassautawa nikai. Wanga makaɗin naka, wa za shi ce mishi ya isa?"