Abarshi, Nauyin Motar Kumandan

Abarshi manomi ne a wani kwari gabas da Gure, yana da 'yan itatuwan dabino da lambun albasa. Ƙato ne, in ya hau jaki sai ka ji tausayin jakin. Girman nan shi ya jawo masa.

Shekarar da aka kawo wa kumandan, Baturen da ke mulkin Gure, sabuwar mota daga Damagaram, gari duka ya fito kallo. Ƙarafan da ke ɗauke da jikinta taushi gare su, da hannu ɗaya in ka danna bayanta sai ta yi ta rausaya. A fili tafiyarta daɗi. Amma a hanyar Gidigir mai rairayi da gangara, bayanta tsalle yake yi, in an zo kwana kuma ta karkata kamar za ta kwanta. Kumandan yana fama da ciwon baya, ya hana a ƙara mata ƙarfe don kada ta yi tauri. Sai direbansa, Alhasan, ya ce to nauyi take so a baya.

Ranar kasuwa gardi biyu, dogaran kumandan, suka zo da Abarshi bariki.

Ya ce, "Ni ban san mota ba."

Alhasan ya ce, "Wa ya ce tuƙi za ka yi? Zama za ka yi."

Aka ɗaura katako a bayan motar, nan ne mazauninsa, riƙe da igiya. In an doshi kwana Alhasan ya yi ihu, "Dama!" sai Abarshi ya rataya duk jikinsa ta nan har motar ta daidaita. In ta kafe ya sauka ya tura. A ciki kumandan yakan yi gyangyaɗi, ya farka yana yabon maƙeran ƙasarsu.

Mutanen Gure suna cewa Abarshi ya ji daɗi, kullum a mota. Matarsa Habsu ce kaɗai ta san yadda yake dawowa, ko sunkuyawar alwala ba ya iyawa.

Ta ce, "Maigida, rairayi ya ci shingen arewa. Ni kaɗai ba zan iya tare shi ba."

Ya ce, "Na roƙe su, Habsu. Sun ce sai bayan rangadi."

Rangadi bai taɓa ƙarewa ba. Wata rana da hantsi, a gangarar wani tudu, Alhasan ya sha kwana da gudu. Motar ta karkata, Abarshi ya rataya, igiyar ta tsinke. Ya faɗi a kan kututturen goriba, ƙugunsa ya karye. Kumandan ya fito ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga ba abin da ya same ta, ya ce a tafi. Wasu makiyaya daga Alakoss ne suka kai Abarshi gida a kan takarkari.

Da Alhasan ya zo gaishe shi, kansa a ƙasa ya gaya masa cewa an sa buhunan rairayi a wurinsa, kumandan bai ma ga bambanci ba. Abarshi ya juya fuska bango.

Ƙashin ya haɗe a karkace, bai sake riƙe hauya ba. Rairayi ya binne rabin lambun, ƙannen Habsu suka karɓi sauran. Ya koma saƙar tabarmar kaba a ƙofar gida, har ya rasu ana jajibirin babban yaƙin Turawa na biyu. Yadda ƙafarsa ta ƙage, da ƙyar aka miƙe shi a likkafani.