Ƙarfen Sabis a Bayan Katangata

Shekarar da aka kafa ƙarfen sabis a layinmu na Dutse Uku, ni na fi kowa ɗaga murya. A filin maƙwabcina aka kafa shi, wani tela Bayerabe da muka daɗe muna shan ruwan rijiya ɗaya. Ni ɗan mai haƙar kuza ne. Na taso ina ganin ramukan da kamfanoni suka bari suka yi tafiyarsu, shi ya sa duk kamfanin da ya ce mini "ba komai" ba na yarda da shi.

Ba a jima ba matata ta fara ciwon kai da jiri. Ban kai ta asibiti ba. Me za a gaya mini a can, alhali ga mai laifi tsaye a bayan katangata? Na mayar da gadonta ɗakin da ya fi nisa da ƙarfen, na sa kafinta ya toshe tagar da tsohon kwano. Na rubuta takardar ƙorafi, na bi gida-gida ana dangwala mini yatsa. Telan kuwa na daina amsa gaisuwarsa.

Bayan watanni hukuma ta turo wata injiniya, sa'ar 'yata, riƙe da na'ura kamar ƙaramin rediyo. Ta auna tsakar gida, ta auna ɗakuna, ina biye da ita.

Ta ce, "Baba, abin da ke fitowa daga ƙarfen nan bai kai ko kusa da iyakar da doka ta sa ba."

Na ce, "An saye ku, 'yata."

Ta yi dariya. "Baba, da an saye ni ai da ban zo a kan acaɓa ba."

Amma ba ta wanke kamfanin sabis ɗin tas ba. Ta ce janaretonsu ya matso katanga da yawa, hayaƙinsa na shiga gidaje, kuma ta rubuta a gabana cewa sai an janye shi. Tana haɗa kayanta matata ta fito da ruwa, tana dafa bango. Injiniyar ta daɗe tana kallonta.

"Mama, yaushe rabon da a gwada jininki?"

Nan take ta ce a kai ta a gwada. Telan nan da nake gaba da shi, shi ya fito da tsohuwar motarsa ya kai mu asibiti. Hawan jini ne, ya yi sama sosai. Likita ya ce saura ƙiris ya shanye mata ɓarin jiki. Ya juyo gare ni.

"Malam, ina ka ajiye ta duk watannin nan?"

Na sunkuyar da kai. Na san taurin kaina ne ya ajiye ta.

A hanyar dawowa na ce wa telan, "Oga, na zalunce ka."

Ya ce, "Bari wannan, Alhaji. Riƙe mata ledar maganin da kyau, birkina ba shi da tabbas."

An janye janareton kafin damina. Matata ta samu sauƙi, ta ma koma toya masarta ta safe. Duk farkon wata nakan raka ta gwaji, tana gaba ina baya, kuma ita ce ta matsa har ni ma na miƙa hannu aka ɗaura mini abin awon.