Likitan Shanu na Tsamaye

A Tsamaye ba mai kiran Hafizullahi da sunansa. Likita ake ce masa, ko da yake bai taɓa tsira wa ɗan Adam allura ba. Shanu da awaki da raƙuma su ne majinyatansa. Tun yana ƙarami yake bin makiyaya yana tambayar abin da ke sa saniya ta ƙi kiwo, har mahaifiyarsa Hajo ta gaji da nemansa a mashaya. Da ya gama sakandare ya tafi Sakkwato ya koyi aikin lafiyar dabbobi, ya dawo gida da jakar fata da tsohon babur.

Wansa Alhassan bai taɓa yarda wannan sana'a ce ba. Shi kayan gyaran babura yake sayarwa a Isa, kuma Allah ya buɗa masa, har ya kama wani shago a Sakkwato yana neman mai riƙewa.

"Ka zo ka zauna cikin inuwa," in ji shi wata rana a gaban Hajo. "Mi kaka samu a gindin saniya? Wanga ya ba ka ƙwaryar nono, wancan ya ce Allah shi saka. Da addu'a za ka ciyar da matarka Mas'uda da ɗiyanka?"

"Yaya, ba mu kwana da yunwa ba."

"Ba ku kwana da ƙoshi ba dai."

Hafizullahi ya san akwai gaskiya a maganar. Amma ya taɓa gwada zaman shagon na wata guda, ya ji kamar an ɗaure shi a turke.

Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka fara kore shanu suna ɗaukar mutane daga gonaki. Manoma suka daina yarda da duk wanda ke zaune a ruga, har waɗanda aka haifa tare aka yi makarantar allo tare. Wanda aka ga ya shiga daji ya fito lafiya, sai a fara nuna shi da baki. Mas'uda ta goyi bayan Alhassan. Kullum ya ɗauki jaka sai ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, shagon nan har yanzu shina jiranka."

Wata safiya da kaka, Labbo ya bugo masa waya. Labbo dattijo ne makiyayi da ya shekara arba'in yana noma da kiwo kusa da Burkusuma, shi ma 'yan bindiga sun kore masa rabin garke. Ya ce shanunsa na tari, biyu sun faɗi. Hafizullahi ya je, ya iske su sun miƙe wuya suna numfashi da ƙyar. Ciwon huhu ne. Ya yi wa masu ciwon allura, ya sa aka ware su, ya kamo hanya wajen azahar.

Gab da Gangara 'yan sa-kai suka tare shi, su shida da bindigogin gida. Shugabansu Sodangi ne, manomi mai faɗin ƙirji, wanda aka kashe ƙanensa a gonar dawa kwana huɗu da suka wuce. Idanunsa jajur.

"Sauko. Daga ina?"

"Daga rugar Labbo."

Suka kalli juna. Ɗaya ya fizge jakar ya zazzage ta a ƙasa: sirinji, kwalabe, auduga, almakashi. Wani ya karɓe wayarsa yana karanto sunayen da ke ciki, kusan duk na makiyaya.

"Jiya mun harbi biyu cikin 'yan bindiga, sun tsere da rauni," in ji Sodangi. "Yau ga ka da auduga. Wa ka ɗaure wa ciwo?"

"Wallahi shanu na duba. Ga hoton saniya nan jikin kwalba."

"Su ma da shi suke wa kansu magani," wani ya ce daga baya.

Aka durƙusar da shi a kan yashi mai zafi. Ya ji bakin bindiga a ƙeyarsa. Ya fara kalmar shahada a zuci. Ya san rantsuwa ba za ta fisshe shi ba, don kowa rantsuwa yake yi a wannan hanya. Abin da ya sani kawai ya faɗa.

"Sodangi, shanun Labbo a tabki ɗaya suke sha da shanun huɗarku. Ciwon nan ta numfashi yake bi. Ko kun kashe ni, ku raba su. In ba haka ba, kahin damina ba mai abin ja garma a Gangara."

Can Sodangi ya ce, "Yaya ciwon yake?"

"Tari, da majina. Sa ya tsaya ya buɗe ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, ya ƙi kwanciya."

Sodangi ya ce a ɗaga shi. Suka sa shi gaba har cikin gari, har bayan gidan Sodangi, inda wani jan sa ke tsaye ƙarƙashin rumfar kara, ƙafafu a buɗe, wuya a miƙe.

Sodangi ya ce, "Kwana ukku ke nan yana haka. In likitan shanu kake, ga shi. In ya mutu, mun san ko kai wane ne."

Hafizullahi ya zuƙo maganin ya yi wa san allura. Ya san ciwon ya yi nisa, kuma ba kowane sa ke tashi ba. Bai ɓoye ba, ya faɗa musu. Sodangi ya ce wannan damuwar Hafizullahi ce.

Aka tsare shi a zauren mai gari. Kowace safiya a raka shi da bindiga ya duba san, a mayar da shi. A rana ta biyu san ya ƙi ko ruwa, matasa suka fara taruwa a ƙofar zauren, sai da mai gari ya fito da kansa ya zauna a bakin ƙofa. A rana ta uku da hantsi san ya sunkuya ya ja harawa. Kafin la'asar mutum tara sun jawo nasu shanun sun yi layi. Sodangi ya kawo jakar da wayar ya ajiye a gabansa. Bai ba da haƙuri ba, cewa kawai ya yi, "Ka duba na mutane."

Alhassan ya iso da mota a ranar, tare da Mas'uda. Bai ko gaisa da kowa ba.

"Shiga mu tahi Sakkwato. Na gama magana."

"Yaya, za ni zo gaishe ku. Amma in na bar waɗannan, duk sai sun kamu."

"Ranka ko shanun wasu?"

Hafizullahi ya ɗauki jakarsa ya nufi shanun da ke layi. Mas'uda ta share ido ta ce ita kam ba za ta iya zaman jiran labari ba. Ta kwashi yaran ta bi Alhassan zuwa Isa, kuma can take har yanzu, Hafizullahi na zuwa musu duk Juma'a. Alhassan ya ba wani mutum shagon na Sakkwato, ya yi wata biyar ba ya ɗaukar wayar ƙanensa.

Shanu huɗu suka mutu a Gangara a wannan shekara, sauran suka tashi. Hafizullahi bai daina shiga ruga ba, amma yanzu ba ya tafiya sai da mutum ɗaya daga garin da zai ratsa, wanda mai gari ya zaɓa. Wani lokaci Sodangi ne ke hawa bayan babur ɗin. Har su je su dawo da wuya su yi magana, kuma a rugar Labbo daga nesa yake tsayawa.